Motar da Ta Dawo Gidan Dillali

In ka tambayi Bahaushen da ke zaune a Washington ko Maryland inda ya sayi motarsa, ba zai kira maka sunan kamfani ba, cewa zai yi, "Wajen Malam Zulkifilu." Kamfanin kuwa yana nan da ƙaton allonsa da tutocinsa a bakin titin da ya nufi Upper Marlboro, na wani Bature ne da ya gada wajen ubansa, kuma Malam Zulkifilu Maitama ma'aikaci ne kawai a ciki, mai ɗan tebur kusa da taga. Amma je ka gaya wa likitocinmu da injiniyoyinmu da 'yan gidan rediyo haka. Su a wurinsu mota ta Zulkifilu ce tun daga ranar da aka saye ta har ranar da za a kai ta bola. In taya ta yi faci shi ake kira, in wata jar fitila ta kama a gaban direba shi ake kira, har akwai Hajiyar da ta taɓa kiransa don ta manta inda ta ajiye motarta a filin kanti.

Shi ya jawo wa kansa, ko kuma a ce gado ne ya jawo masa. Mahaifinsa dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, bakin iyakar Nijar. A can, mai saniya da mai saye ba sa ciniki baki da baki, dillali ne a tsakiya, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallama. Mai saniya ya karɓi kuɗinsa ya tsallaka iyaka, ba a ƙara jin ɗuriyarsa. To in saniya ta je gida ta fara tari, ko aka gano ta sata ce, wa za a nema? A ƙofar gidan su Zulkifilu akwai wani turke na kirya, ya sha igiya har ya yi santsi. Mutum zai jawo saniyarsa ya ɗaure a nan, ya shiga zaure ya gaisa, ya sha fura, ya tashi ya tafi bai ce komai ba. Daga nan saniya ta zama matsalar dillali, shi zai ciyar da ita, shi zai san yadda zai yi da ita. Tsohon yakan gaya wa 'ya'yansa cewa la'ada ba kuɗin surutu ba ce, kuɗin wancan turken ne.

Zulkifilu ya ci ƙuri'ar biza ya zo Amurka yana da ƙuruciyarsa, ya yi shekaru yana tuƙin tasi a cikin Washington, yana kwasar ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Wata rana ya raka wani abokinsa sayen mota. Bature ya faɗi farashi, shi kuma ya taya ƙasa da ƙasa, ya zagaya motar yana girgiza kai kamar an nuna masa ramammiyar karsana, ya kama hanyar ƙofa, aka kira shi, ya dawo, ya sake tashi. Kafin la'asar manajan wurin ya jiƙe da gumi, ya ce mutumin da ya iya wahalar da su haka gara a ce yana ɓangarensu. Tun daga ranar yake wurin, yanzu furfura ta cinye gemunsa.

Matarsa Mairo ita ma 'yar Maigatari ce. Ta yi aikin kula da tsofaffi har gwiwoyinta suka fara ƙara, kuma ban san Bahaushiyar da ta kai ta ƙin sanyin ƙasar nan ba. Ba ta taɓa kiran gidansu na Upper Marlboro gida ba, "nan wurin" take cewa. Gida yana Kano, wanda suka daɗe suna ginawa bulo bayan bulo, saura rufi da tagogi. A garejinsu akwai shuɗɗan durom-durom na aika kaya jere a jikin bango, ta cika su da tukwane da barguna da zannuwan gado, ta rubuta sunan unguwa a kan murfin kowanne. Duk shekara Malam yakan ce mata baɗi, sai yara sun gama makaranta, sai an aurar da 'yarsu Haula. To yara sun gama, Haula tana ɗakin mijinta, ga kuma yayar Mairo, Saudatu, wadda ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu, idonta ya fara rufewa. A wannan karon Mairo ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta zaunar da shi ta ce tana so Yaya Saudatu ta ga fuskarta tun tana iya gani, kuma ba ziyara take nufi ba. Ya kama hannunta ya ce da sanyi ya wuce za su sa gidan a kasuwa, su rufa na Kano da kuɗin, su tafi. Ta ce ya tabbata? Ya ce, "Ni na tsaya miki."

Sai mu koma kan sana'ar, don a nan igiyar ta fara harɗewa. A ƙasar nan kowace jiha da dokarta a kan sayar da mota, kuma tsohuwar al'ada ita ce kamfanin da ya ƙera mota ba ya sayar wa mutum kai tsaye, sai ta hannun dila. Ranar da Zulkifilu ya fara jin haka dariya ya yi, ya ce ashe Turawa ma sun san darajar dillali har sun sa shi a doka. Sai ga motocin lantarki sun zo da sabon salo. Wasu masu ƙera su suka ce su ba sa bukatar kowa a tsakiya, kuma Maryland ta ba su dama su buɗe 'yan shagunansu. Babu tayi, babu albarka, farashi ɗaya ne a fuskar waya, ka danna a kawo maka. A wurin Malam wannan cinikin biri a sama ne, kuma rashin kunya ne, kamar a ɗaura aure babu waliyyi.

Da aka ji ana batun ƙara buɗe wannan ƙofa a majalisar jiha, masu kamfanonin dillancin suka cika bas da ma'aikatansu aka nufi Annapolis, babban birnin jihar. Manajan sashen su Zulkifilu wani ɗan kudancin Kaduna ne mai suna Katung, yaro ne a kansa, Hausarsa tas, Baba yake ce masa. Shi ya zaɓe shi ya yi magana, har yana ce masa, "Baba, don Allah ka sa hular nan taka mai aiki, za ta yi kyau a hoto." Malam ya san ado ake so a yi da shi, amma wa ke ƙin a saurare shi? Ya tsaya gaban 'yan majalisa da Turancinsa na tasi, ya ce wanda ya sayi mota a waya, ranar da ta ba shi matsala ƙofar wa zai buga? Waya ba ta da ƙofa. Shi kuwa mutanensa sun san ƙofar gidansa. Aka tafa masa, Katung ya ɗauki bidiyo, kafin bas ta dawo da su bidiyon ya zagaye wayoyin Hausawan yankin kaf. Sati guda Malam yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta.

Cikin waɗanda suka kalli bidiyon akwai Idrissa, mutumin Magaria ta Nijar, wanda ya yi shekara da shekaru yana karanta labaran duniya a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Muryarsa ta fi fuskarsa suna, har tsofaffi a ƙauye sun san ta. A shekarar aka sallami ma'aikatan gidan, mutum mai mata da 'ya'ya uku ya wayi gari ba shi da wurin zuwa da safe. Ya yanke shawarar shiga tuƙin haya irin na manhajar waya, kuma lissafinsa ya nuna masa motar lantarki ce za ta fisshe shi, tunda ba ta shan mai, ga gwamnati tana rangwame ga wanda ya saya.

Bayan sallar Juma'a ya tari Zulkifilu a harabar masallaci, ya miƙa masa waya, yana magana da Hausarsu ta Nijar da ke ce wa wutar lantarki kuran, fetur kuma isansi. "Yaya, duba mini wannan. Kuran kawai take ci, babu isansi, babu juyen baƙin mai. Saura in danna, na ce bari in nuna maka tukuna."

Malam ya kalli hoton motar, ya kalli farashin da ba a tayawa, ya ji abin ya soke shi har ƙashi. A gaban mutane, a ƙofar masallaci, a nuna wa dillali cinikin da babu dillali. Ya mayar masa da wayar ya ce, "Idrissa, kai da ka karanta wa duniya labarai, kai ne za ka sayi biri a sama? In ta lalace, wayar za ka kai ƙara? Zo wajena gobe. Mu ma muna da ta lantarkin."

Suna da ita kam, har sun rasa yadda za su yi da ita. Kamfanin da suke wa dillanci ya jibge musu motocin lantarki layi guda a bayan fili, rana tana dukansu, kuma kullum Katung yana bin ma'aikata da magiya a rage su. Washegari aka yi ciniki irin wanda Malam yake so. Ya shiga ofishin Katung ya fito, ya sake shiga yana ɗaga murya, Katung ya dafe kai ya ce za a kore shi daga aiki, dukansu biyu suna jin daɗin wasan. Aka rage wa Idrissa wani abu, aka ƙara masa da shimfiɗun ƙafa kyauta. Kafin a sa hannu Malam ya ɗaga bonet kamar yadda ya saba, don shi ba ya sallama mota sai ya kara kunne ya ji bugun inji, ya zaro sandar mai ya shinshina, yadda mahaifinsa yake buɗe bakin sa ya duba haƙora. Ya ɗaga ya tarar da robobi da wayoyi, babu abin saurare, babu abin shinshinawa. Ya rufe a hankali, ya ɗan bubbuga ta da tafin hannu, ya ce lafiyayya ce.

Idrissa ya tambaye shi batun rangwamen jiha, don da shi ya yi lissafin kuɗin hayar gida na watannin farko. Malam ya san tukunyar rangwamen nan ƙarama ce, sau ɗaya ake zuba mata a shekara, wanda ya riga shi ke ɗiba, in ta ƙare sai a shiga layin jira. Ya sani sarai, kuma bai duba ko da saura ba. Ya ce, "Za a ba ka. Ni na tsaya maka." Suka yi musabaha, aka yi addu'a Allah ya sa a mora.

Akwai kuma tambayar da bai yi ba, ita ce ta fi ci masa rai daga baya. Mahaifinsa ba ya barin mutum ya ja saniya sai ya tambaye shi ko akwai ruwa kusa da shi, ko yana da harawa. Shi kuwa bai tambayi Idrissa inda motar za ta kwana ba. Idrissa a bene yake haya wajen College Park, hawa na uku, motoci a fili suke kwana, babu ko soket ɗaya da za a jona. Gaskiya da a waya ya saya ma haka zai sha, amma da tsakaninsa da wayarsa ne.

Da kaka abin ya ɗan tafi. Da sanyi ya shigo sai magana ta fara zuwa kunnen Malam a gutsure, wai rangwamen jiha ya ƙare tun kafin sunan Idrissa ya shiga, wai batirin ba ya jure sanyi. Idrissa bai kira shi ba ko sau ɗaya, shi da ake kira saboda facin taya, wannan shirun ya fi kira damunsa. Wata rana da hantsi ya biya wani babban kanti sayen dabino, can ƙarshen fili inda ake cajin kuɗi ya hango motar a jone, Idrissa a ciki ya lulluɓa da bargo har ka, ya kashe hita don wutar ta yi saurin cika. Lokacin da sauran direbobi ke kwasar fasinja, shi yana zaune yana jiran mota ta ƙoshi. Malam ya rage gudu, ya ɗora hannu a kan hon, sai kuma ya juya kan motarsa ya fita ta ɗaya ƙofar. Kunya ce ta kore shi, kuma har ya isa ofis bai sayi dabinon ba.

Ran wata Lahadi, bayan an yi dusar ƙanƙara, Mairo tana gareji tana naɗe bakin durom na ƙarshe da salatif, sai ga motar ta shigo layinsu ba ƙara ba hayaƙi, ta tsaya daidai ƙofar garejin. Idrissa ya fito da fara'arsa. Aka shiga falo, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gwiwar Hajiya, ya tambayi Haula da maigidanta, aka kawo shayi, aka taɓa hirar damina da tsadar gero a Damagaram. Bai ambaci mota ba. Da ya shanye ya yi hamdala, ya miƙe, ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur kusa da kofin, ya ce a gaida yara, ya fita da ƙafa.

Zulkifilu ya zauna yana kallon makullin. Mairo tana tsaye a bakin kicin, ita ma shi take kallo. 'Yar Maigatari ba ta bukatar a fassara mata, ta sha ganin saniya a turken surukinta.

Ya ɗauki tsohuwar motarsa ya bi shi, ya same shi a tashar bas yana hura hannuwa. Da ƙyar ya yarda ya shigo.

"Yaya, ni ban zo da faɗa ba," in ji Idrissa. "Shekaranjiya ta yi mini pan, ta mutu a hanyar filin jirgi da fasinja a ciki, mutumin ya rasa jirginsa, ya rubuta ƙara a kaina. In aka ƙara ɗaya masu manhajar za su rufe ni. Kuran ɗin waje kuma tsadarsa ta kusa ta isansi, ga zaman jira. Rabin yinina a filin kanti yake ƙarewa."

"Bari in ba ka wani abu ka rage zafi, kafin rangwamen ya fito."

"A'a. Ba sadaka na zo nema ba. Na ga bidiyonka, ka ce mutanenka sun san ƙofar gidanka. To na san ta, shi ya sa na zo. A Magaria ma haka muke yi."

Litinin da sassafe Malam ya shiga ofishin Katung, wannan karon babu wasa. Ya ce a karɓi motar. Katung ya rufe ƙofa, ya danna kwamfuta, ya juyo masa da fuskarta. Abin da za su saye ta yanzu bai fi rabin abin da aka sayar da ita ba, sauran kuma yana wuyan Idrissa a banki, ga shi babu motar neman abinci.

"Baba, ka fi ni sani. A nan in an sa hannu an sa. Mota tana fita daga get ta zama tsohuwa."

"Amma kai ka kai ni Annapolis. Kai ka ɗauki bidiyon. Na gaya wa mutanen nan bambancinmu da waya shi ne mu ana dawo mana."

Katung ya shafa ƙeya. Ba mugu ba ne, shi ma yana da nasa ogan a sama. Ya ce, "Ƙofar gidanka ka ce, Baba. Ba ka ce ƙofar kamfani ba. Kakana ma haka ya yi dillancin citta a Kwoi, kowa yana yabonsa, ya mutu bai bar mana ko akuya ba."

Malam ya fito ya zauna a ɗan teburinsa na kusa da taga. Shekaru yana ɗauka shi dillali ne a babbar kasuwa, doka ma tana bayansa. Yau ya gane dokar ta tsare wa mai kamfani ƙofar shigowar ciniki ne, ba ta san da zancen turke ba. Turken nasa ne shi kaɗai, shi ya ɗauko shi daga Maigatari ya kafa a ƙasar da ba a tambaye shi ba. Ya ji haushin Katung, ya ji haushin masu dokar, amma ya fi jin haushin bakinsa.

Ya yi ta juya abin kwana da kwanaki, duk inda ya juya bango ne. In ya cike giɓin daga kuɗin gidan da za a sayar, rufin Kano da tagoginsa sun tafi, kuma Idrissa ya riga ya ce ba zai karɓa ba. In ya ba shi tsohuwar motarsa ya yi haya da ita, masu manhajar ba sa karɓar mota mai irin shekarunta. In aka ce Idrissa ya tashi ya koma gida mai gareji, wa zai ba mutumin da ba shi da albashi haya? Haula ta kira daga Virginia, ya yi mata bayani da Hausa ta amsa da Turanci kamar kullum, ta ce Baba a doka babu ruwanka, kuma ai akwai Hausawa da yawa masu gareji. Ita ma irin motar take ja, a waya ta saya, shi kuma ya daɗe yana yi kamar bai sani ba. Ya ce mata masu garejin ba su suka ci la'ada ba, kuma Idrissa ba zai je ya ɗaure saniyarsa a ƙofar wanda bai yi masa dillanci ba. Ta ce ba ta gane zancen saniya ba. Ya ce ya sani.

Hanya ɗaya ce ta rage, kuma tun a tashar bas ya gan ta, yana ta kauce mata ne. Motar ba ta da ciwon komai in ta kwana a ɗumi tana shan wutar gida mai araha. Idrissa ya riƙa kawo ta da yamma ya jona, ya tafi gida da tsohuwar motar Malam, da safe ya dawo su yi musanya. Da haka zai yi aikinsa cikakke, ya biya banki, ya ciyar da yaransa. Sai dai gidan da mota ke kwana a garejinsa ba ya shiga kasuwa, kuma takardar banki ta shekara shida ce.

Bai gaya wa Mairo ba. Mutumin da ya tsaya gaban 'yan majalisa ya kasa tsayawa gaban matarsa. Kullum sai ya shirya maganar a hanya, ya shigo ya tarar tana waya da Yaya Saudatu suna zancen launin labulen gidan Kano, sai ya haɗiye. Motar dai tana nan a ƙofar gareji ƙanƙara ta rufe ta, makullin yana kan tebur inda aka ajiye shi. Mairo takan goge teburin ta zagaye makullin, ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ran Asabar mai gyaran wuta ya zo da akwatin caja da nannaɗaɗɗiyar waya mai kauri. Ya duba garejin, ya nuna bangon da ke kusa da akwatin wutar gidan, ya ce nan za a kafa, sai an kwashe waɗannan durom ɗin. Malam ya tuɓe rigar sama ya fara mirgina su ɗaya bayan ɗaya. Babu inda za su shiga sai cikin gida. Yana turo na farko ta ƙofar kicin ya ci karo da ita a tsaye, hannunta da ludayi.

Ta kalli durom ɗin, ta kalli mutumin da ke huda bango. Ta ce, "Shekara nawa, Malam?"

"Shida. In Allah ya ba shi wani aikin, ƙila ƙasa da haka."

"Likita ya ce wa Yaya idon ba zai kai baɗi ba."

"Na sani. Ki je ke, ki yi wata biyu ko uku, ki dawo."

"Ziyara na yi ta har na gaji. Komawa ka ce."

Ya sauke hannunsa daga durom ɗin. Ƙarar injin huda bango ta cika garejin, ta tsaya, ta sake tashi. Mairo ta ajiye ludayin a kan murfin durom ɗin, daidai inda ta rubuta sunan unguwarsu da hannunta.

"Da ka mayar masa da makullin nan, da na ce ba ɗan gidanku na aura ba," in ji ta. "Wannan na sani, kada ka ce ban sani ba. Amma ni ma ka tsaya mini, Malam, da bakin nan naka, kafin ka tsaya masa. Shi ya san ƙofar da zai kai nasa makullin. Ni ƙofar wa zan kai nawa?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ɗauko wuƙa daga kicin ta yanke salatif ɗin da ta naɗa ranar Lahadi, ta ɗaga murfin, ta ciro babbar tukunyar da ta ce ba za ta ƙara hawa wuta ba sai a Kano. Ta ce tunda baƙo zai riƙa zuwa kullum da magariba, ƙaramar ba za ta isa ba.

Da la'asar mai gyara ya gama ya tafi. Malam ya ɗauki makullin daga kan tebur, ya share ƙanƙarar gilashi, ya shigo da motar gareji, ya jawo wayar ya jona mata a ƙugu. Wata 'yar koriyar fitila ta fara ƙiftawa. Yana tsaye riƙe da igiyar ya jiyo muryar Mairo daga falo, ta ɗaga ta yadda ake yi wa na nesa.

"Yaya, kina ji na? Labulen nan ki bar wa tela tukuna. Ba bana ba."